Ojeikere: Mai ɗaukar hoton da ya adana tarihin kitso a Najeriya

A mafi yawan hotunansa, ba a ganin fuskar macen. Ƙeyarta J.D. 'Okhai Ojeikere yake ɗauka, domin kitson ne abin da ya dame shi.

A shekarar 1968 ya fara wannan aiki, yana bin tituna da ofisoshi da wuraren biki, yana neman izinin mata ya ɗauki gyaran gashinsu. Kafin rasuwarsa a Legas a 2014, ya tara irin waɗannan hotuna kusan 1,000, baƙi da fari.

Dalilinsa a fili yake: kitso ba ya daɗewa. Makitsiya za ta ɓata sa'o'i tana aiki, bayan 'yan makonni a tsefe, shi ke nan. Ga kuma gashin kanti da ya fara samun karɓuwa a birane.

Cikin fitattun hotunan akwai na "Onile Gogoro", wanda ake naɗe gashi da zare ya miƙe sama kamar dogon bene, tamkar gine-ginen da ke tasowa a Legas bayan 'yancin kai.

A 2013 an baje kolin hotunan a bikin fasaha na Venice da ke Italiya, shekara guda kafin ya rasu.