Jikin alminiyam ba ya tsatsa, amma ƙarƙashinsa fa? Yadda waya ke tona asirin tsohuwar mota

Masu bibiyar YouTube da TikTok sun saba cin karo da bidiyon Amurkawa suna farfaɗo da tsofaffin tirelolin Airstream, wato ɗakunan kwana masu taya da ake ja da mota, masu jiki mai ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a Kalifoniya a farkon shekarun 1930, kuma a irin wannan ɗaki aka killace 'yan sama jannatin Apollo 11 da suka dawo daga wata a 1969. Abin lura a waɗannan bidiyoyi shi ne, masu gyaran da suka san aikinsu ba sa farawa da goge jiki. Ƙasa suke kwanciya, su cire farantin da ya rufe cikin tirelar daga ƙarƙashi.

Ba a ganin Airstream a tashar Kaura Namoda, amma matsalar da ke sa a cire wannan faranti tana nan a motocin da ke bin hanyar Shinkafi da ta Zurmi. Duk matashin da ke tara kuɗi don sayen tsohuwar Land Rover, ko motar ɗaukar kaya mai akwatin alminiyam, ya kamata ya san ta.

Abin da farantin ke ɓoyewa

Jikin Airstream alminiyam ne, wanda wasu ke kira goran ruwa, amma yana zaune a kan shasin ƙarfe. A kan shasin akwai daɓen katako, a ƙarƙashi kuma farantin alminiyam da aka kafe da ƙusoshin ribit. Tsakaninsu akwai audugar gilashi mai tare zafi da sanyi. Idan ruwa ya samu kafa ya shiga, audugar sai ta sha ta riƙe. Katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, ɓeraye su yi sheƙa, alhali daga waje tirelar tana walƙiya.

Haka Land Rover take. Ta fito a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka yi jikinta da alminiyam, aka bar shasi na ƙarfe. Shasin nan kamar dogon akwati yake, cikinsa rami ne. Laka da ruwa suna shiga su kwanta, tsatsa ta riƙa ci daga ciki. Motocin akwati da ake shigowa da su daga Turai ma haka suke: bango alminiyam, daɓe katako, ƙashi ƙarfe.

Akwai kuma wata ɓarna ta biyu. Duk inda alminiyam ya manne da ƙarfe kuma danshi ya ratsa tsakaninsu, wurin yakan zama kamar ƙaramin batir. Alminiyam ne ke shan kashi, yana zagwanyewa ya koma farin gari a kewayen ƙusa ko noti. Ganin wannan farin gari alama ce cewa ruwa ya daɗe yana zama a wurin.

Me ya sa abin ya shafi arewacin Zamfara?

Wani zai ce ai nan ba bakin teku ba ne, ina tsatsa za ta fito? Daga wurare uku. Na farko, yawancin motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka sun bi titunan da ake zuba wa gishiri a lokacin ƙanƙara, don haka da ciwonsu suke zuwa. Na biyu, damina. Daga Yuni zuwa Satumba, motar da ke shiga ƙauyukan gefen gulbin Gagare tana kwasar laka, kuma lakar da ta maƙale a lungu tana riƙe danshi bayan sama ta bushe. Na uku, kayan da ake ɗauka. Takin zamani, gishiri da fitsarin dabbobin da ake kaiwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis duk suna cin ƙarfe idan suka tsiyaya ta daɓe.

Kaura Namoda mahaɗa ce tun da layin dogo daga Zariya ya iso ta a 1929, kuma yau motoci ne ke ɗaukar nauyin. A yanayin tsaron da yankin ke ciki, ba direban da ke son ƙafar sifirin ta ɓalle daga shasi a tsakiyar daji da yamma. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara ba.

Aikin waya kafin a taɓa sifana

A kunna kyamarar bidiyo da fitila, a ɗaure wayar a jikin sandar salfi, a zura ta ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya sannu a hankali. Daga baya a zauna a inuwa a kalla, ana tsayarwa ana zuƙowa. A nemi ɓawon tsatsa, sabuwar walda, da baƙin fenti mai kauri da aka shafa kwanan nan, domin sau da yawa rufa-rufa ce.

Akwai kuma ƙaramar kyamara mai doguwar igiya da fitila a kanta, wadda ake jonawa da waya ta USB. Kanta bai wuce kaurin biro ba, don haka tana shiga ramukan shasi da bayan faranti ba tare da an kwance komai ba. Kafin a saya, a tabbatar wayar tana karɓar OTG, in ba haka ba kyamarar ba za ta yi aiki ba.

Maganaɗisun tsohuwar sifika ma yana da amfani. Yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Idan wurin da aka san ƙarfe ne ya ƙi kamawa sosai, wataƙila an cike rami ne aka bi da fenti. Kuma tunda sabis ba shi da tabbas a yankin, a sauke bidiyon koyarwa a waya tun ana da data.

Idan an zo cire farantin

Kada a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. A sa waigi a tayoyi, a tokare shasi da ƙarfe ko katako mai ƙwari, a cire kan batir. A ɗauki hoton kowane faranti kafin a taɓa shi, a rubuta masa lamba da maka, domin ranar mayarwa ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba.

Ribit ba a kwance shi kamar noti, huda shi ake yi. A zaɓi bakin injin huda daidai da kaurin ƙusar, yawanci tsakanin milimita 3 zuwa 5, a huda tsakiyar kan har ya fita, sannan a tura ragowar. A naɗa salatif a bakin injin don kada ya zarce, saboda wayoyin lantarki da bututun mai ko na birki kan bi ta bayan faranti. A fara daga gefe ɗaya, wani yana tallafe, domin farantin kan sauko da tarin ƙasa da kashin ɓera. Tabarau da takunkumi wajibi ne.

Bayan an buɗe, a ƙwanƙwasa shasin da guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa yana yin dum, wani lokaci sukundireba ma tana huda shi. Inda ya mutu, sai mai walda ya yanke ya sa sabo, bayan an nisantar da tankin mai da duk abin da ke kama wuta. Liƙa faci a kan tsatsa ɓata kuɗi ne.

Wajen mayarwa, a yi wa ƙarfen fentin hana tsatsa, a sa roba ko fenti mai kauri tsakaninsa da alminiyam, a yi amfani da ribit na alminiyam, a kuma bar ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya samu hanyar fita.

Binciken waya ba ya maye gurbin idon gogaggen makanike. Amma bidiyon minti biyar da aka tura masa ta WhatsApp kafin a biya kuɗi zai iya rage farashi, ko ya hana ciniki gaba ɗaya. Mai motar da ya hana a leƙa ƙarƙashinta kuwa, ya riga ya ba da amsa.