"Give Up": Kalma Ɗaya, Ma'ana Huɗu

Wata Lahadi a ikilisiyarmu baƙon mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce, "Don't give up!" Tafinta kuwa ya ce, "Kada ku bayar!" Ga shi ana gab da karɓar baiko. Jama'a suka yi dariya, amma saƙon ya ɓace.

'Yan'uwa, "give" shi kaɗai bayarwa ne. Da zarar "up" ya biyo shi, ma'ana ta sauya.

Ta farko ita ce dainawa. Wanda ya bar shan giya ko taba, da wannan kalma za a faɗa da Turanci.

Ta biyu, sadaukarwa. A kwanaki 40 na azumi kafin Ista, masu bi da yawa sukan haƙura da nama ko wani abin marmari saboda Ubangiji.

Ta uku, miƙa kai, kamar mai laifin da ya kai kansa wurin 'yan sanda. Kusa da wannan, fassarar Turanci ta Sarki Yakubu ta 1611 ta yi amfani da kalmar a Markus 15:37, inda Yesu ya saki ransa a kan gicciye.

Ta huɗu, karaya da fid da rai. Ita baƙonmu yake nufi, ita ce kuma Galatiyawa 6:9 ke yi mana gargaɗi a kanta.

Saboda haka muna roƙon tafintocinmu su saurari jimla har ƙarshenta kafin su buɗe baki. Wataƙila akwai mai baƙin ciki a kujerar baya wanda wannan kalma kaɗai ya zo ji.