Me Ya Yi Ajalin Kakanka?

Bahaushen da ke zaune a Landan ko Manchesta, idan ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya je asibiti, likita zai tambaye shi cutar da ta yi ajalin iyayensa da kakanninsa. Nan ake yin cirko-cirko. Abin da muka saba ji shi ne "gajeriyar rashin lafiya", ko "olsa ce". A gida ana rasuwa da safe a yi jana'iza kafin azahar, ba a binciken gawa, wasu ma suna ganin tono dalilin mutuwa kamar ja da ƙaddara ne. Sai likita ya rubuta babu wata cutar gado a dangi, alhali sani ne babu.

Yawancin ciwon dajin tumbi ba na gado ba ne, amma kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari gadonsa ake yi. A 1998 masu bincike a Jami'ar Otago ta New Zealand suka gano tangarɗa a ƙwayar halitta mai suna CDH1, a wani dangin ƙabilar Maori da cutar ta yi ta ɗauke wa matasa. Irin wannan dajin laɓewa yake cikin bangon tumbi, na'urar leƙa ciki ma takan wuce shi, shi ya sa ake ba masu ɗauke da tangarɗar shawarar cire tumbin ɗungurungum tun suna da lafiya. Larurar Lynch, wadda ita ma gadonta ake yi, ta fi shi yawa, tana taɓa babban hanji da mahaifa da tumbi. Wanda aka same shi da ita a Ingila, duk shekara biyu ake leƙa hanjinsa.

Nauyin yana saukowa ne ranar da sakamakon gwajin ƙwayar halitta ya nuna mutum yana da tangarɗar. Kowane ɗa, kowane shaƙiƙi, yiwuwar yana ɗauke da ita rabi da rabi ce. In ta wajen mahaifi ta zo, har 'yan uba. Asibiti kan ba da wasiƙa a kai wa dangi, su kuwa suna Kano ko Damagaram ko Kumasi. Wasu sai su jefa ta a akwati, don kada a ce gidansu da cuta, 'yan mata su rasa manema. Tsoron ba na banza ba ne, amma gwajin sikila kafin aure ma da irin wannan ɗari-ɗari ya fara. Ƙanin da ya shekara yana shan maganin olsa yana ramewa haƙƙinsa ne a kira shi a karanta masa wasiƙar, a haɗa masa da kuɗin ganin likitan ciki.