Yadda ake sake gwabza yaƙin jiragen ruwa masu filafilai a kan teburi

A ranar 21 ga Oktoba, 1805, jiragen yaƙin Birtaniya 27 suka yi arangama da jirage 33 na ƙawancen Faransa da Sifaniya a kusa da gaɓar Trafalgar, kudu maso yammacin Sifaniya. Birtaniya ta yi nasara ba tare da ta rasa jirgi ko ɗaya ba, amma kwamandanta, Admiral Horatio Nelson, ya rasa ransa a ranar. Fiye da shekara 200 ke nan, kuma har yanzu ana maimaita wannan gumurzu a gidaje da ƙungiyoyin wasa a Ingila da Amurka da Italiya, a kan teburin da aka shimfiɗa wa shuɗin ƙyalle a madadin teku.

Jiragen da ake wasan da su 'yan ƙanana ne, na dalma ko na roba, waɗanda aka ƙera bisa ma'auni. Ɗaya daga cikin ma'aunan da suka fi yaɗuwa shi ne kashi 1 cikin 1,200 na ainihin girman jirgi. Jirgin Nelson mai suna Victory, wanda ya ɗauki igwa 104, kuma yake ajiye a Portsmouth har yau, gangarsa ba ta wuce santimita shida ba a wannan ma'auni. Mai wasa kan shafe kwanaki yana yi wa jirgi guda fenti, yana ɗaura masa zare a matsayin igiyoyi da ɗan hantsaki, kafin ya kai shi teburi.

Abin bai fara a matsayin nishaɗi ba. John Clerk na Eldin, wani ɗan kasuwa daga Sikotland wanda bai taɓa aikin sojan ruwa ba, ya damu da yadda yaƙe-yaƙen teku na zamaninsa ke ƙarewa ba tare da wani ɓangare ya yi rinjaye sosai ba. Al'adar lokacin ita ce kowane ayari ya jera jiragensa a sahu guda, sahun biyu su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa suna musayar wuta, domin igwar jirgi a gefunansa take. Clerk ya riƙa jera 'yan jirage a kan teburi yana juya su, har ya kai ga ra'ayin cewa gara a keta sahun abokan gaba, a taru a kan wani sashe nasa a murƙushe shi kafin sauran su kawo ɗauki. Ya buga wa abokansa kwafi kaɗan na nazarinsa a 1782, littafin kuma ya fito ga jama'a a 1790. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan ko manyan kwamandoji daga wurinsa suka ɗauki dabarar, ko kuwa kowa da kansa ya gano ta.

Daga baya rundunoni suka karɓi wannan hanya ta koyarwa. Sojojin Prussia, a ƙasar Jamus ta yau, sun rungumi wasan yaƙi na taswira a 1824, kwalejin yaƙin ruwa ta Amurka da ke Newport kuma ta shigar da irinsa cikin karatunta a shekarun 1880. Fred T. Jane ya fitar da nasa wasan na jiragen ƙarfe a 1898. Amma wasannin da suka koma zamanin filafilai don sha'awa sun bunƙasa ne a shekarun 1970. Don't Give Up the Ship ya fito a 1972, kuma cikin marubutansa akwai Gary Gygax da Dave Arneson, waɗanda suka yi suna daga baya da Dungeons & Dragons. Wooden Ships & Iron Men, wanda ake yi a kan allo da 'yan gutsattsarin kwali, ya biyo baya a 1974. A 'yan shekarun nan akwai Sails of Glory na kamfanin Ares Games na Italiya, da Black Seas na Warlord Games na Ingila, wanda ya fito a 2019.

Dokokinsu sun bambanta, amma dukkansu iska ce ke mulki a cikinsu. Kafin a motsa ko jirgi ɗaya, sai an ajiye alamar kibiya a gefen teburi mai nuna inda take kaɗowa. Babban jirgin yaƙi na wancan zamani ba ya iya tunkarar iska kai tsaye. Iyakar kusantar da zai yi mata wajen digiri 67 ne. Idan inda yake so ya je yana can ta inda iskar ke fitowa, dole ya yi ta tafiyar karkace, dama da hagu. Kowace juyawa kuma tana da haɗari. Idan ya juya ta goshi, ya fi sauri, amma yana iya maƙalewa cak, filafilansa na kaɗawa a banza, ya zama abin bara ga abokan gaba. Idan ya juya ta baya, ya tsira daga wannan, sai dai ya yi asarar tazara mai yawa. A dara, ɗa yana zuwa gidan da aka kai shi. A nan kuwa mai wasa na ganin inda ya kamata jirginsa ya kasance, amma sai bayan zagaye uku ko huɗu zai isa, idan ma iskar ba ta sauya ba.

Shi ya sa ake kokawa kan wanda zai kasance a ɓangaren da iska ke fitowa. Shi ke da zaɓin lokacin kai hari. Wanda ke ƙasan iska kuma yana da tasa riba: hanyar gudu a buɗe take gare shi.

Idan aka zo harbi, ana auna tazara da rula, a jefa ɗan ludo ko a zaro alama daga jaka don sanin ɓarnar da aka yi. Kyaftin zai zaɓi abin da zai ɗura wa igwa: dunƙulen ƙarfe mai fasa gangar jirgi, ko ƙwallaye biyu haɗe da sarƙa masu tsinka igiyoyi da yayyaga filafilai, ko tarin ƙananan harsasai masu hallaka mutane idan an matso kusa. Harbin da aka fi tsoro shi ne wanda ya shiga ta bayan jirgi, inda katako ba shi da kauri, ya ratsa tsawonsa gaba ɗaya. Haka Victory ya yi wa Bucentaure, jirgin kwamandan Faransa Villeneuve, a Trafalgar.

Babbar matsalar masu tsara dokoki ita ce mai wasa ya san abin da kwamanda bai taɓa sani ba. Yana tsaye a saman teburi yana ganin komai, alhali a teku hayaƙin albarushi kan rufe ido, umarni kuma da tutoci ake aika shi, wanda sau da yawa ba a hango su ko a yi musu gurguwar fahimta. Don rage wannan, wasu wasanni kan tilasta wa kowa ya rubuta motsinsa a ɓoye, ko ya kife katinsa, sannan a bayyana a lokaci guda. Wasu ƙungiyoyi kan hana 'yan ɓangare ɗaya yin magana da juna sai ta gajeren saƙo a rubuce. Jirage kan yi karo, sahu kan wargaje, kuma a nan ne wasan ya fi kama da abin da littattafan tarihi suka ruwaito. Sai dai kowace doka da aka ƙara tana ƙara tsawon wasa, kuma masu sha'awar sun rabu tsakanin masu son cikakken lissafi ko da za a wuni, da masu son a kammala cikin sa'a biyu.

Trafalgar kanta ita ce gwaji mafi wuya. Nelson ya tunkari sahun abokan gaba da jerin gwano biyu, a cikin iska mai rauni, kuma Victory ya sha wuta kusan minti 40 kafin ya iya mayar da martani yadda ya kamata. A bisa lissafin igwa kaɗai, wannan ganganci ne, kuma dokar da ba ta ƙirga komai sai igwa za ta hukunta duk wanda ya kwaikwaye shi. Nelson ya dogara ne da sanin cewa maharbansa sun fi horo, da yawa daga jiragen abokan gabansa kuma sun daɗe a tsare a tashoshi. Don haka dokoki ke ba kowane jirgi darajar ƙwarewar mutanensa, kuma a kan wannan lamba guda ake yawan gardama kafin a fara wasa.

Akwai abin da teburi ke taƙaitawa. Mutum 57 da suka mutu a cikin Victory da 102 da suka jikkata, a takardar mai wasa 'yan akwatuna ne da ake sokewa da fensir. Galibi kuma ana naɗe ƙyallen da zarar jirgi na ƙarshe ya sauke tutarsa. A 1805 guguwa ce ta biyo bayan yaƙin, ta yi kwanaki tana kaɗawa, kuma daga cikin jiragen da Birtaniya ta kama, huɗu kacal aka iya kaiwa Jibralta.