Yadda Robobin Aikin Injiniya Ke Shan Danshi da Abin da Hakan Ke Haifarwa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan wata ɗabi'a ta robobin da ake ƙera sassan injuna da su, watau shan danshi daga iska ko daga ruwa. Kafin mu tsunduma, ya kamata mu kau da wani ruɗani. Bahaushe yana kiran tayar mota roba, yana kuma kiran bokiti da kofin shan ruwa roba. Abin da muke nufi a nan shi ne robobi masu ƙarfi waɗanda suka maye gurbin ƙarfe wajen yin haƙoran giya, da bushin, da mazaunin boris, da marufin kayan lantarki. Fitattu daga cikinsu su ne nailan, da asital, da folikabonet.

Akasarin mutane sun ɗauka cewa ruwa ba ya shiga roba, tun da a cikinta ake ajiye shi. Wannan gaskiya ne game da folitin, wanda ake yin leda da jarka da shi, domin abin da yake sha bai taka kara ya karya ba. Abin ban dariya ma shi ne, a ƙasar nan da yawa suna kiran leda "nailan", alhali kuwa nailan na ainihi shi ne kan gaba wajen shan ruwa a cikin robobin da muka ambata.

Dalilin shan danshi

Kowace roba an gina ta ne da dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin sinadari. Sarƙar folitin ba ta ƙunshi komai ba sai kabon da haidurojin, waɗanda ba su da abin jan ruwa. Shi kuwa nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, kuma Paul Schlack ya samar da wani irinsa a Jamus a 1938, yana da wasu gaɓoɓi a jikin sarƙarsa da ake kira amayid. Kowace gaɓa tana ɗauke da oksijin da naitirojin, kuma da su ne sarƙa take riƙe maƙwabciyarta. Wannan riƙo shi ne asalin ƙarfin nailan. Sai dai kuma irin wannan riƙon ne ƙwayar ruwa take yi. Saboda haka idan ta kutsa tsakanin sarƙoƙi biyu, sai ta kama gaɓar amayid, ta raba ta da 'yar'uwarta, ta zauna a tsakani.

Daga nan za mu fahimci ma'anar lambobin da ake liƙa wa nailan. Lambar tana nuna yawan kabon da ke cikin kowane tubali na sarƙar. Nailan 6 gaɓoɓinsa na amayid suna kusa da juna, don haka idan aka bar shi cikin ruwa har ya ƙoshi yakan sha wajen kashi 9 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Nailan 66 yakan sha kamar kashi 8. Nailan 12 kuwa, da yake gaɓoɓinsa sun yi nisa da juna, bai cika wuce kashi 1.5 ba. Asital ba ya kai kashi 1, folikabonet kuma bai kai rabin kashi 1 ba. Har ila yau, ruwa ba ya shiga wuraren da sarƙoƙi suka jeru suka matsu. Yana shiga ne inda suka cukurkuɗe.

Sha'anin lokaci

A nan ne muke ganin an fi yin kuskure. Lambar da aka saba bugawa a takardun bayanin kaya ita ce ta gwajin awa 24, irin wanda ƙa'idojin ASTM D570 da ISO 62 suka tanada: a busar da ɗan guntu, a auna shi, a tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 23 na kwana ɗaya, a sake aunawa. Gwajin yana da amfani wajen kwatanta wata roba da wata. Amma kwana ɗaya bai isa nailan ya ƙoshi ba, ko kusa. Wanda ya ɗauki wannan lamba a matsayin iyakar abin da robar za ta sha ya yaudari kansa.

Ruwa yana ratsa roba ne a hankali, daga fata zuwa ciki, bisa ƙa'idar da Adolf Fick ya bayyana a 1855. Abin lura a cikinta shi ne, idan kauri ya ninka sau 2, lokacin ƙoshi yana ninkawa sau 4. Idan ya ninka sau 10, lokacin yana ninkawa sau 100. Alal misali, mu ƙaddara cewa falle mai kaurin milimita 1 ya ƙoshi cikin mako 2. To mai kaurin milimita 10 sai ya yi mako 200, watau kusan shekara 4. Ke nan haƙorin giya mai kauri yana iya ci gaba da canzawa shekaru bayan an ɗaura shi a inji, kowa ya manta da shi.

Abin da danshi ke canzawa

Na farko shi ne girma. Nailan 66 da ya fito daga maƙera a bushe, idan ya zauna cikin iska mai danshin kashi 50 cikin 100 har ya daidaita, yakan sha wajen kashi 2.5, tsawonsa kuma ya ƙaru da kusan rabin kashi 1 cikin 100. A jikin bushi mai faɗin milimita 50, wannan ya kai rubu'in milimita. Ƙarami ne a ido, amma babba ne ga mai aikin inji. Idan an dasa bushin cikin gidan ƙarfe, ba shi da hanyar kumbura waje, sai ya kumbura ciki, raminsa ya tsuke, ya shaƙe sandar da ke juyawa a cikinsa. Sai zafi ya tashi, a ɗora laifin a kan rashin mai.

Na biyu shi ne tauri. Da yake ruwa ya sassauta riƙon da ke tsakanin sarƙoƙi, nailan mai danshi yana iya rasa rabin taurinsa ko fiye, kuma ƙarfinsa na tare lantarki yana raguwa. Amma ba duka ne hasara ba: busasshen nailan yana da saurin karyewa idan an buge shi, mai danshi kuwa yana lanƙwasawa ya jure. Dalili ke nan da ya sa ake sayar da igiyoyin nailan na ɗaure wayoyin lantarki cikin leda a rufe ruf, don kada su bushe.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Lambobin da ke cikin littattafai an auna su ne a zafin digiri 23 da danshin kashi 50. A Kano ko Sakkwato danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu, ya haura kashi 70 a watan Agusta. Siririn kayan nailan zai bi wannan hawa da sauka, ya yi laushi da damina, ya yi gautsi da hunturu. Mai kauri kuwa fatarsa kaɗai ke bin yanayi. A ganinmu, inda duk ake bukatar awo ya tsaya daram, asital ko nailan 12 sun fi dacewa, ko da za su fi tsada. In kuwa dole ne a yi amfani da nailan 6 ko 66, sai a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi kafin gyaran ƙarshe, a kuma bar masa sarari.

Danshi a lokacin narkarwa

Duk abin da muka faɗa a sama yana warwarewa idan robar ta bushe. Akwai kuma ɓarnar da ba ta warwarewa. Idan aka narkar da ƙwayoyin nailan 66 a zafin da ya wuce digiri 260 alhali suna da danshi, ruwan yana tsinka sarƙoƙin kansu. Wani lokaci akan ga zane-zane masu launin azurfa a jikin kayan, wani lokaci kuma ba a ganin komai sai ranar da ya karye. Saboda haka masu ƙera kaya suke busar da nailan a wajen digiri 80 har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 0.2 cikin 100. Robar PET, wadda ake yin gorar ruwan sha da ita, ta fi haka tsanani: ana busar da ita a zafin digiri 160 ko sama, na sa'o'i da yawa, kuma buhun da aka buɗe aka bari ya kwana a sito da damina sai an sake busar da shi kafin a zuba a inji.