Fentin mota: hawa huɗu cikin kaurin gashi guda

Wanda ya ga sabuwar mota tana ƙyalli, sai ya yi zaton an lafta mata fenti mai kauri kamar yaɓen ɗaki. Ba haka ba ne. In an raba milimeta guda kashi 1000, kashi guda shi ake kira mikron. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta bai cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba. Wato kamar kaurin gashin kai guda.

Cikin wannan ɗan kauri akwai hawa huɗu.

Da farko ana wanke ƙarfen tas. Sa'an nan a tsoma gangar motar baki ɗaya cikin wani babban kwatami na fenti, a saki wutar lantarki. Wutar ce ke jawo fentin ya manne ko'ina, har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa. Wannan hawa na fari, mikron 20 ne ko kusa da haka, kuma shi ke tsare ƙarfe daga tsatsa. Na biyu yana cike ƴan ramuka, yana kuma tare tsakuwar hanya. Na uku shi ne launi, fari ko ja ko shuɗi. Abin mamaki, shi da ido ke gani shi ya fi duka rashin kauri. Na huɗu ba shi da launi, garau yake kamar ruwa, mikron 40 zuwa 50. Shi ke ba da ƙyalli, shi ke ɗaukar zafin rana. Ana gasa fentin cikin tanda mai zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa.

A da, fentin mota sai ya yi makonni kafin ya bushe. A 1924 aka fara sayar da motoci a Amurka da wani fenti mai suna Duco, mai bushewa cikin awoyi. Hawa na huɗu kuwa sai wajen shekarun 1980 ya yaɗu.

Ina amfanin sanin wannan ga manomi ko makiyayi? Yawancin motocin da ake saye a ƙasarmu tsofaffi ne, sun yi aiki a wata ƙasa. In mota ta yi hatsari, mai gyara yakan cike lotsawar da mastik, ya fesa sabon fenti. Ido ba ya ganewa, amma kaurin wurin yakan ninka na asali sau biyu, sau uku, ko fiye. Akwai ƴar na'ura mai auna kaurin. In babu ita, ƙaramin mayen ƙarfe ya isa: a naɗe shi da ƙyalle, a bi ƙofofi da gefen mota. Inda ya ƙi kamawa sosai, akwai mastik a ƙasa. Sai dai ba ya kama roba ko alminiyom, ko da lafiyayyu ne. Ƙungiyar manoma da ta tara kuɗin gero da wake don sayen motar kai kaya kasuwa, ta yi wannan gwaji kafin ta biya.

Wanda ya riga ya saya kuma, ya kula da wanki. Ƙurar hunturu yashi ce. In an goge ta da busasshen tsumma, tana kankare hawa na huɗu kaɗan-kaɗan, kuma ba ya tsirowa. A fara zuba ruwa, ƙura ta sauka, kafin a sa hannu. Inda dutse ya fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, a ɗiga masa fenti kafin damina.