Akwati a kogon dutse: wasan Ingila da ka iya jawo wa mai yinsa tuhuma a Gouna

A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wata fadama mai wuyar zuwa a dajin Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila, domin duk wanda ya kai can ya jefa katin sunansa. Daga baya matafiya suka riƙa barin wasiƙa mai adireshinsu, na bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya.

A yau mai wasan kan sassaƙa zane da hannunsa a jikin roba, ya haɗa wannan hatimi da ɗan littafi a akwatin da ruwa ba ya shiga, ya ɓoye a kogon dutse, sannan ya ba da kwatance mai kama da kacici-kacici. Wanda ya gano sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a na akwatin, ya mayar da komai yadda ya tarar. Ba a cin ko sisi. Rahoton mujallar Smithsonian na 1998 ne ya yaɗa wasan a Amurka.

Ɗan Damagaram da ya ga haka a Turai zai so ya kai shi gida, ko Gouna ce a gundumar Mirriya. Duwatsu dai ba a rasa su a ƙasar Damagaram, ga masu zanen ƙwarya da dukawa, waɗanda sassaƙa hatimi ba zai gagare su ba.

Sai dai a karkararmu abin da aka ɓoye da zane a jikinsa, sammu za a fara ce masa. Ga batun tsaro: bama-baman da ake dasawa a hanya sun kashe mutane a jihohin Diffa da Tillaberi, don haka baƙon da aka gani yana tura akwati ƙarƙashin dutse na iya kwana hannun jandarmomi. Ko Cranmere Pool ɗin ma a filin atisayen sojan Birtaniya yake, in an kafa jar tuta ba mai shiga.

Mai son gwadawa a Gouna ya fara da ƙofar maigari, ya buɗe akwatin a gaban jama'a, ya kuma bari sai an gama girbi. Yara makiyaya ne za su fara gano shi, gara a ba su nasu hatimin.